Buhu Arba'in da Aka Ƙi Karɓa

Gwaggo,

Ki yi haƙuri da wannan ƙarfin hali nawa. Na san ba ki san rubutuna ba, wataƙila ma ba za ki tuna da ni ba. Ni ce 'yar marigayi ɗan baffanki, wadda ake ce wa Shiru-shiru. Sau ɗaya kika gan ni, lokacin da kika zo mana gaisuwar rasuwar Baba.

Ina fatan kina lafiya, da maigidan da yara. Mu ma lafiya lau, sai dai ƙafar Inna da ke kumbura idan ta daɗe a tsaye. Yanzu ina aji biyar na sakandare. An ba ni lambar wayarki, na riƙe ta kwana tara, amma na san idan kika ɗauka bakina ba zai buɗu ba. Shi ya sa na ba direban da ke kai buhunanmu tashar jiragen ruwa wannan takarda. Ya ce ya san ƙofar kamfaninku.

Ga abin da ya sa na rubuto. Kin san Inna ce shugabar mata masu tsinta a ma'aikatar wanke gahawa, kuma ɗakin da muke ciki na ma'aikatar ne. Makon jiya takarda ta zo daga kamfaninku cewa an ƙi karɓar buhu arba'in na farkon kaka, wai an ɗanɗana an ji ruɓa. Manaja ya tara matan da tsakar rana, ya sa suka yi layi suka miƙa hannuwa kamar 'yan firamare, yana bi yana duba faratansu da tsinken ashana a bakinsa. Ya ce ƙazantar hannunsu ce ta ɓata kayan. Gwaggo, mutumin nan a gefen gadajen shanya gahawa yake fyace majina ya goge a wando. Ina tsaye riƙe da kwanon abincin Inna ina kallo. A gaban kowa ya ce idan kaso na biyu ya dawo da irin wannan takarda, Inna ta bar aikin, ta kuma bar ɗakin.

A makaranta an koya mana cewa gahawa tana cikin manyan kayan da ake fatauci da su a duniya, ana zuba ta a jirage zuwa ƙasashen sanyi. Malamin ya ba mu labarin da ake bayarwa, wai awaki ne suka fara cin 'ya'yanta a kan tsauni suka kama tsalle, makiyayin ya gani ya gwada. Awakin nan namu suna cin ɓawon kullum a juji, ban taɓa ganin sun yi tsalle ba, sai kumburin ciki. Duk littafin babu inda aka rubuta abin da ke sa ta ruɓa.

An ce kina cikin masu ɗanɗanawa, kuma ana jin maganarki a can. Kaso na biyu zai tafi ƙarshen watan gobe. Don Allah, Gwaggo, ki duba lamarinmu. Inna ba ta san na rubuto ba.

'Yarki,
Shiru-shiru

Ɗiyata,

Takardarki ta iso, bayan ta yi mako biyu a aljihun mai gadi. Muna lafiya. Ki gaida Innarki, ki ce ta riƙa ɗora ƙafar a kan matashi idan ta dawo. Na tuna ki, ko da yake ƙafafunki kawai na gani ta ƙarƙashin labule.

Da na ga rubutun yarinya na yi murna, na ce yau ga wanda ya rubuto don ya gaishe ni. Ashe ke ma irin ta kowa ce. Duk kaka sai dangi sun tsiro mini. Wani ya zo da kaza, wani ya ce shi ya goye ni ina jaririya, alhali na girme shi. Duka magana ɗaya ce, in duba lamarinsu.

To, ki ji yadda ake duba lamari a nan. Samfur yana zuwa a ƙaramar jaka da lamba kawai, babu sunan gari, babu sunan kowa. A soya, a niƙa, a zuba ruwan zafi a kofuna biyar. Mu uku muke zagaya tebur da cokali, mu zuƙa mu tofar a gwangwani, kofi ɗari biyu kafin azahar. Shekara goma sha tara ban ci yaji ranar aiki ba, ban shafa turare ba, dangi suna cewa girman kai ne. Duk don wannan harshen ne. Kin san yadda kofin da ya ruɓa yake? Kamar a ɗauki tsumman da ya kwana uku a ruwan wanke-wanke a matse miki a baki. Yini guda ba ya barin maƙogwaro. Shi kuke so in haɗiye in rubuta cewa yana da kyau, ya haye teku, wata baiwar Allah ta buɗe a kicin ɗinta?

Ban san lambar samfurinku ba, kuma ko na sani ba zan yi ba. Abin da ya fi ba ni ƙyama shi ne a sa yarinya 'yar makaranta ta rubuta abin da babba yake jin kunyar faɗa, har a ce ta ƙara da cewa ba a san ta rubuto ba. Ki gaya wa Innarki haka.

Gwaggonki

Gwaggo,

Ina gaishe ki da ladabi, ina fatan ƙarshen mako ya same ku lafiya. Ƙafar Inna da sauƙi. Ban isar mata da saƙonki na ƙarshe ba, kuma ba zan isar ba, ki yafe mini.

Na karanta takardarki a bayan ajinmu har sau uku, sannan na ɗauko kwafin tawa na karanta, na ga laifina. Ban iya tsara magana ba. Wallahi ban roƙe ki ki wuce mana da ruɓa ba. So nake in san abin da ke kawo ta, don mu a nan babu wanda ya sani, kuma babu wanda ya taɓa shan gahawar da muke wankewa. Amma ki daina zargin Inna. Matar da ko ƙwaya ɗaya ta maƙale a gefen zanenta sai ta koma ta mayar, ba za ta sa ni roƙon ha'inci ba.

Bari in gaya miki yadda take aiki, ki yi hukunci da kanki. Manoma suna kawo jajayen 'ya'yan da yamma. A zuba su a ruwa, waɗanda suka taso sama a kwashe a ware. Inji ya cire ɓawon, ƙwayoyin su faɗa tankin siminti, su kwana ɗaya da rabi har yauƙin ya sake. Ita Inna ba ta duba agogo, hannu take sawa ta murza, idan ta ji suna ƙara kamar tsakuwa ta ce a wanke. Daga nan a tura su ta magudana da ruwa mai tsabta zuwa gadajen shanya. Gadaje goma sha biyu ne, na waya, masu tsayi daidai ƙugu. A kansu matan suke yini a sunkuye suna tsince baƙaƙe da fasassu da waɗanda ƙwaro ya huda.

Wurin ba daɗin zama. Jujin ɓawo yana bayan ɗakinmu, tsaminsa yana shiga har cikin littattafaina, ƙudaje kuwa sai kin rufe baki kafin ki wuce. Wata a ajinmu ta taɓa matsar da kujerarta ta ce ina warin giya. Amma a kan gadajen babu ƙazanta. Yanzu Manaja ya sa an yanke wa matan farata har wasu sun yi jini, ya kuma kawo wani sabulu mai ƙamshin fure ya ce a wanke hannu da shi sau biyar a yini. Shi kuwa ban taɓa ganin ya taɓa sabulun ba.

Ga misali ɗaya na amanar Inna. Akwai wata kwana, wato lanƙwasa, a magudanar inda ƙwayoyi suke maƙalewa. Shekarun baya a buɗe take, Inna takan kwashe su kowace yamma. Bana Manaja ya faɗa ciki da takalminsa, sai ya sa aka rufe kwanar da murfin ƙarfe mai nauyi, ba a ɗagawa sai ranar Asabar. To duk Asabar, bayan kowa ya tashi, Inna takan durƙusa ta sa hannu cikin wannan baƙin ruwa ta kwaso su, wani lokaci gwangwanin madara cike. Ta wanke su ruwa uku har su yi fari tas, ta zuba a gado na ƙarshe. Takan ce kowace ƙwaya sai da wani manomi ya miƙa hannu ya tsinko ta, ba za ta bari ta bi ruwa ba. Babu wanda ya sa ta, babu wanda ya gode mata.

Wannan ce matar da za a kora. Kuma ki gafarce ni, na kasa daina tunanin gwangwanin nan naku. Mata ashirin suna tsinta a rana har idonsu ya yi ja, a can kuma ana tofarwa.

Saura kwana goma sha shida kaso na biyu ya tafi.

'Yarki,
Shiru-shiru

Ɗiyata,

Lafiya muke. Ina rubuta wannan a tsaye, direbanku yana jira a ƙofa yana danna mini oda.

Na yi miki mummunar fahimta, na kuma zargi Innarki a banza. Ki yafe mini. Na saba da masu kaza har na daina gane mai tambaya. Maganar gwangwani kuwa kin yi gaskiya, ni ma ba na son kallon cikinsa, kuma ni nake wanke nawa.

Yanzu ki natsu ki karanta. Ƙwayar da ta wuce lokacinta a ruwa tana mutuwa daga ciki. Kwana biyu ma ya yi yawa, balle shida. Idan aka wanke ta aka shanya, a ido ba ta da bambanci da 'yan'uwanta, shi ya sa mai tsinta ba za ta gan ta ba ko da ta fi kowa ido. Amma ɗaya tak idan ta shiga niƙa ta gama da kofi, kofi ɗaya kuma ya gama da kaso gaba ɗaya. Farata ba su da laifi. Sabulun furen nan ma a jefar da shi, gahawa tana shan ƙamshin duk abin da ya kusance ta.

Ba na wurin, don haka ba zan ce ga mai laifi ba. Ki nemi reza sabuwa. Ki ɗauki ƙwaya goma daga gado na farko, ki ɓare, ki yanka, ki shinshina. Sannan ki ɗauki goma daga abin da Innarki ta kwaso ranar Asabar ki yi haka. Kada ki ci abinci kafin nan.

Idan abin da nake zato ne, daina kwasowa kawai ba zai ishe ku ba. Duk abin da ya bushe a gado na ƙarshe dole a ware shi kafin a haɗa da sauran wajen ɗurawa a buhu. Na san ba a ware gado guda a ɓoye. Na san abin da hakan yake nufi ga Innarki. Ba ni da wata hanya da zan nuna miki, da akwai da na faɗa.

Gwaggonki

Gwaggo,

Ina gaishe ki, ina gaida maigidan da yara. Ki yi haƙuri da shirun wata guda. Ban so in rubuto ba sai na san ƙarshen maganar. Muna lafiya, kuma har yanzu muna cikin ɗakinmu.

Motar direban ta lalace a hanya, takardarki ba ta iso ba sai ranar Asabar, saura kwana biyu a ɗura buhuna. Na tarar da Inna ta riga ta kwaso na ranar, ta wanke, ta baza a kan tire a ƙofar ɗaki. Na yi yadda kika ce. Na gado na farko ƙamshin ɗanyar ciyawa suke yi. Na tiren kuwa, ta farko da na yanka cikinta ya yi rawaya kamar kitse. Na kai hanci. Gwaggo, tsumman da kika faɗa ya fi shi daɗi. Kamar mushen ɓera ne da ya kumbura a bayan akwati, aka zuba masa tsami. Na ruga bayan ɗaki na yi amai, ko da yake ban ci komai ba. Na wanke yatsuna da toka, da ƙasa, warin yana nan. Sai na tuna wata uku ke nan Inna tana sa hannu a wannan abu da alfahari, ni kuma na rubuto miki shi a matsayin shaidar tsabtarta.

Na daɗe a zaune kafin na iya kiranta. Ban yi bayani ba, na yanka ɗaya na miƙa mata. Ta shinshina, ta kawar da kai, ta ce wannan ɗaya ce kawai ta lalace. Ta karɓi rezar ta yanka da kanta. Sai da ta yanka goma sha huɗu. Sannan ta tambaye ni wa ya koya mini, na karanta mata takardarki. Ta ce wato na kai sirrinta birni, an zauna an tattauna ƙazantarta a kan tebur. Na ce ba haka ba ne, ba ta saurare ni ba.

A nan na yi abin da nake jin kunyarsa. Na ce mata mu zubar da na tiren mu yi shiru, ai gado na ƙarshe ɗaya ne cikin goma sha biyu, wataƙila ba za a dace da mummunar ba. Ni da na rantse miki ban nemi ha'inci ba. Ta dube ni ta ce, "Ni ban sani ba na yi. Ke kin sani kike cewa in yi." Har yau idan na tuna sai in ji ƙyamar bakina.

Washegari da safe ta ɗaura mayafinta mai kyau, ta ɗauki tiren, ta ce in riƙo rezar in biyo ta. Manaja yana zaune a ofis yana shan shayi. Ta gaya masa komai a tsaye, ba ta rage ba, ta ce a ware gado na ƙarshe. Ya yi dariya ya ce tun yaushe masu tsinta suka zama likitocin gahawa. Sai ta ce in yanka masa. Na yanka na ajiye a gefen kofinsa. Ya ɗauka ya kai hanci da ƙarfi don ya nuna mana ba komai ba ne. Shayin ya dawo masa ta hanci, ya ɓata takardun teburin. Ban yi dariya ba, amma ban tausaya masa ba.

Da ya farfaɗo ya fara faɗa, ya ce ita ta kashe buhu arba'in. Inna ta ce ta yarda hannunta ne ya kwaso, amma ba hannunta ne ya rufe magudana ba. Ya ce murfi ba ya ruɓar da gahawa. An ware gadon, buhu huɗu da rabi, an kai su rumfar baya. A ranar ya sauke ta daga shugabancin mata ya ba wata, ya ce maganar ɗaki sai takarda ta dawo.

Takardar ta dawo shekaranjiya. An karɓi kaso na biyu duka. Ya sake tara matan ya karanta musu da kansa, ya ce bayan dogon bincike ya gano matsalar tana magudana, kuma ya rubuta wa kamfani haka. Matan suka tafa masa, har da waɗanda faratansu ba su gama warkewa ba. Murfin kuwa an ɗauke shi ba tare da an ce komai ba, yanzu yana jingine a bango, awaki suna sosa jiki da shi.

An bar mana ɗakin. Tun da aka sauke ta, sabon aikin Inna shi ne share magudanar. Ya ce duk abin da ta kwaso, ko na ranar ne, ta kai juji, ba ya son ya sake jin labarinsa. Kowace yamma ina ganinta ta taga, ta cika gwangwanin, ta je bakin jujin cikin ƙudaje, ta tsaya. Wani lokaci takan yi minti biyar kafin ta juye. Mako huɗu ba ta yi mini magana ba in ban da aike. Jiya muna ninke wanki, ba tare da ta dube ni ba ta ce, "Ki tambayi Gwaggonki, waɗannan da nake zubarwa, da gaske babu abin da za su yi wa kowa? Ko taki ne?"

Na ce zan tambaya. Ta ce in kuma tambaye ki ko na yini ɗaya ma suna mutuwa, don ita a ganinta da ransu take binne su.

Ga tambayoyinta nan na isar. Ni ma ina da nawa, sun kai shafi biyu, amma ban sa su a nan ba don na san aikinki da yawa, kuma na riga na ɓata miki rai sau ɗaya. Idan ba zan dame ki ba, Gwaggo, ki ba ni izini in sake rubuto miki.

'Yarki,
Shiru-shiru